Katanga, Yashi Ko Bishiya: Da Me Za A Tare Teku Idan Ya Fara Cin Gaɓa?

Ranar da ruwa ya fara lasar gindin gidajen sahun farko, kusan ko'ina a duniya magana ɗaya ake fara ji daga bakin jama'a: a gina mana katanga. Ba a ga laifinsu ba. Katanga ido na ganinta, ana auna tsawonta, mai gida ya leƙa ta taga ya ga kankare tsakaninsa da ruwa, ya kwanta hankali kwance. Sai dai ita ɗaya ce daga cikin hanyoyi huɗu ko biyar, kuma akwai wurare da dama da ita ce mafi cutarwa. Duk wanda nauyin zaɓi ya hau wuyansa, shugaban gari ne, ko ƙungiyar masunta, ko mai otal, ko ma'aikacin hukumar muhalli, ya kamata ya san abin da kowace hanya za ta ba shi da abin da za ta karɓe masa, shi da maƙwabtansa.

Akwai abu ɗaya da in ba a fahimce shi ba, sauran maganar duk ɓata baki ce. Yashin bakin teku tafiya yake yi. Raƙuman ruwa ba safai suke bugo gaɓa kai-tsaye ba, a karkace suke zuwa, su tura ƙwayoyin yashi gefe, su janye da su, na baya ya zo ya ƙara turawa. Haka yashi ke bin gaɓa dare da rana daga wannan gari zuwa na gaba. Koguna ne ke kawo mai yawa daga cikin ƙasa, wani daga tsaunukan gaɓa da ke zubewa, wani daga farfasassun murjani da ɓawon halittun ruwa. Saboda haka kowane yanki na gaɓa tamkar asusun ajiya ne, akwai shiga akwai fita. Idan abin da ke shiga ya kai abin da ke fita, gaɓa tana nan ko da guguwa ta kwashe rabinta a dare ɗaya, domin yashin da aka ja cikin ruwa yakan dawo a watannin da teku ya lafa. Idan kuwa fita ta rinjayi shiga, gaɓa za ta yi ta ja da baya, kome aka gina.

Wani bincike da aka wallafa a 2018, wanda ya duba hotunan tauraron ɗan'adam na sama da shekara 30, ya gano cewa kusan kashi 24 cikin 100 na gaɓoɓin yashi na duniya suna zaizayewa da fiye da rabin mita a shekara. Hauhawar teku na da hannu a ciki: tsakanin 1901 da 2018 ruwan ya ƙaru da kusan santimita 20, kuma saurin ƙaruwar tasa daɗa hawa yake. Amma a wurare da yawa da ake kuka yau, ɓarnar ta kusa ta riga sauyin yanayi isowa. Madatsar Aswan da aka kammala a 1970 ta riƙe lakar da kogin Nilu ke kai wa Bahar Rum, zaizayar bakin kogin a Rashid ta ƙara tsananta. Madatsar Akosombo ta 1965 ta yi wa kogin Volta haka, garin Keta a Ghana ya ɗanɗana kuɗarsa. A Legas, shingayen duwatsu da aka gina a mashigar tashar jiragen ruwa tsakanin 1908 da 1912 sun tare yashin da ke tahowa daga yamma. Ya taru a gefe ɗaya, gefen gabas kuma, wato Bar Beach, ya yi ta ramewa shekara da shekaru. Sai kuma haƙar yashi. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a rahotonta na 2022 duniya na amfani da kimanin tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa a shekara, ta kuma ba da shawarar a hana ɗibar yashi daga bakin teku gaba ɗaya. Inda tifofi ke lodi a gaɓa da rana tsaka, a ce kuma ana neman kuɗin kare wannan gaɓar, ai tufka da warwara ake yi. Hana ɗibar nan ya fi kowace hanya da zan ambata araha, kuma shi ne na farko.

Mu fara da katangar, tunda ita ke bakin kowa. Tana aiki, kada wani ya ce ba ta yi. Bayan guguwar 1900 da ta hallaka mutane fiye da 6,000 a Galveston ta jihar Texas a Amurka, an gina katanga mai tsayin kusan mita 5 tsakanin 1902 da 1904, kuma ta tsare birnin daga guguwa da dama bayan haka. A Japan, ƙauyen Fudai ya tsira daga igiyar tsunami ta 11 ga Maris 2011 saboda ƙofar ruwa mai tsayin mita 15.5 da tsohon shugaban ƙauyen, Kotoku Wamura, ya dage sai an gina duk da sukar da ya sha a kan tsadarta. Amma a rana guda, a gaɓa guda, ruwan ya haye katangar garin Taro mai mita 10 wadda garin ke alfahari da ita, ya share gidajen da ke bayanta. Katanga tana tare ruwan da aka yi mata lissafinsa ne kawai. Ranar da wanda ya fi shi ya zo, mutanen da suka matso suka yi gini a inuwarta don sun amince da ita su ne a bakin haɗari.

Babban aibinta a gaɓar yashi shi ne tana kare abin da ke bayanta, ba ta kare abin da ke gabanta. Ka tsaya a gindin irin wannan katanga idan ruwa ya janye. Za ka ga rami mai tsawo yana bin gindinta, ruwa kwance a ciki, wani wurin har ƙarafunan tushe sun fito sun yi tsatsa. Dalili shi ne raƙumin ruwan da ya hau gangaren yashi ƙarfinsa mutuwa yake a hankali, yashi ya shanye shi. Wanda ya daki kankare a miƙe kuwa, da ƙarfinsa yake komawa, ya yi gaba da yashin gindin. Ga wani abin kuma: gaɓar da ke ja da baya, idan ba a tare ta ba, faɗinta na nan, matsawa kawai take yi cikin ƙasa. Da an kafa mata katanga a baya, ruwa na matsowa ta gaba, ita ba ta da wurin komawa, sai ta matse har ta ɓace. A tsibirin Oahu na Hawai, masu bincike sun nuna tun a shekarun 1990 cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gaɓoɓin yashin tsibirin sun ƙanƙance ko sun ɓace a gaban katangu. Inda katanga ta ƙare kuma, nan ruwa ke zagayowa ya ci na maƙwabci, shi ma ya gina tasa, na gaba da shi ma haka. Galveston ɗin ma da katangarta ta yi suna, yau sai an kawo yashi an zuba a gabanta kafin a samu wurin shimfiɗa tabarma.

Jibge manyan duwatsu a gangare ya fi miƙaƙƙiyar katanga dama, domin ruwa na shiga tsakankaninsu ƙarfinsa ya karye, kuma idan wasu sun zame ana iya ƙaro wasu. Amma matsewar gaɓa tana nan.

'Yan'uwan katanga su ne shingayen duwatsu ko katako da ake miƙawa daga gaɓa zuwa cikin ruwa, jere da juna, don su kama yashin da ke wucewa. Suna kamawa kuwa, har mutanen wurin su ga gaɓarsu ta yi faɗi cikin 'yan shekaru. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, yashin wa aka kama? Ba su ƙirƙiri ko ƙwaya ɗaya ba, rabon garin gaba suka tare. Aikin kare Keta da aka yi a farkon shekarun 2000 ya ceci garin, amma ƙauyukan da ke gabas da shi sun ga zaizaya ta ƙaru. Haka mazauna gaɓar da ke gabas da ganuwar sabon birnin Eko Atlantic a Legas suka daɗe suna kokawa. Ni a ganina, duk wanda ya kawo shawarar irin waɗannan shingaye bai nuna taswirar garuruwan da ke bayan shinge na ƙarshe ba, rabin aikin ya kawo. Idan za a yi su, a cika tsakaninsu da yashin da aka kawo daga wani wuri tun ranar farko, don kada su fara da cinye na maƙwabta.

Abin da ya faru a Saint-Louis ta Senegal ya isa gargaɗi ga mai gaggawar kawo katafila bakin teku. A watan Oktoba na 2003, kogin Senegal ya cika yana barazanar shanye birnin, sai hukumomi suka yanka wata 'yar hanya mai faɗin mita 4 a siririn tudun yashin da ya raba kogin da teku, don ruwa ya samu mafita. Ambaliyar ta sauka. Amma teku ya kama bakin yankan yana ci, har faɗinsa ya kai kilomitoci, ruwan gishiri ya shiga gonaki, mutanen ƙauyen Doun Baba Dieye suka bar gidajensu.

Hanya ta biyu ita ce a ƙara wa gaɓa yashi. Jirgi ya zuƙo shi daga ƙarƙashin teku can nesa, a turo shi ta manyan bututu haɗe da ruwa, a baje shi a gaɓa. Wannan ita ce kaɗai daga cikin ayyukan injiniyoyi da ke fuskantar ainihin ciwon, wato ƙarancin yashi. Ba ta cutar da maƙwabci, hasali ma amfanarsa take yi, don abin da ruwa ya ɗiba wajensa zai kai. Gaɓar Miami Beach a Amurka ta kusa ƙarewa kafin aikin da aka yi tsakanin 1976 da 1981, wanda ya dawo da yashi a tsawon kusan kilomita 16, masu yawon buɗe ido suka dawo tare da shi.

Ƙasar Holan ce gwanar wannan hanya. A 1990 ta yanke shawarar cewa layin gaɓarta na wannan shekara shi ne iyaka, duk inda teku ya ƙetare shi za a mayar da yashi, kuma tun daga lokacin take zuba miliyoyin mita kubik kowace shekara. A 2011 sai suka gwada wani abu kusa da birnin Hague. Maimakon su riƙa zuwa duk bayan 'yan shekaru suna tayar da ƙasan teku, sai suka jibge mita kubik miliyan 21.5 a wuri ɗaya, tudun da ya shiga cikin ruwa kusan kilomita ɗaya, a kan kuɗi kimanin yuro miliyan 70, suka bar iska da igiyar ruwa su rarraba shi a gaɓa cikin shekara 20. Ingila ta kwaikwayi wannan a Bacton a 2019 da mita kubik miliyan 1.8, don kare tashar iskar gas da ƙauyuka biyu da ke kusa da ita.

Matsalar ita ce yashin zai tafi. Ba gazawa ba ce, aikinsa ke nan, amma dole mai zaɓi ya san cewa hidima ya ɗauko wa kansa ta har abada. Bayan shekara uku, ko biyar, ko goma, gwargwadon ƙarfin ruwan wurin, sai an sake. Garin da kuɗinsa na tallafi ne mai zuwa sau ɗaya, ko wanda kasafinsa ke canjawa da kowace gwamnati, zai ga gaɓa mai kyau shekara biyu sannan ya koma gidan jiya. Sai kuma nau'in yashin. Idan wanda aka kawo ya fi na asali laushi, guguwa ɗaya za ta kwashe shi, ya kuma gurɓata ruwa ya rufe murjani da ciyawar ƙarƙashin teku. Inda aka zuƙo shi ma gida ne na kifaye da ƙananan halittu, inda aka zuba shi kuma an binne kaguwa da tsutsotsin da tsuntsaye ke ci, sai sun ɗauki watanni ko shekaru kafin su dawo. Gaɓar da kunkurun teku ke hawa su yi ƙwai, ba a taɓa ta a lokacin ƙwansu. Yashin kirki ma ƙarewa yake: yankin Miami ya cinye na kusa da shi a teku, yanzu da manyan motoci ake kawo masa daga cikin ƙasa.

Akwai ƙaramin aiki da ke tafiya da wannan, wanda na fi ƙauna saboda jama'ar gari da hannunsu za su iya yinsa: farfaɗo da tuddan rairayi da ke bayan gaɓa. Tudun nan rumbu ne da teku ke ɗiba a ranar guguwa, iska ta sake cika shi daga baya. Abin da ke riƙe shi ciyayi ne masu dogayen saiwoyi, waɗanda yashi na binne su suna ƙara tsirowa sama. Suna jure gishiri da rana da iska, amma ba sa jure tafin ƙafa. Hanya ɗaya da mutane suka tattake zuwa ruwa ta isa: ciyawar ta mutu, iska ta samu ƙofa ta rarake wurin, ranar da teku ya cika ta nan zai shigo gari. Maganin ba shi da tsada. A kafa shingen ƙirare ko na tsagaggen katako mai ramuka, wanda ke rage gudun iska yashi ya zube a gindinsa, a dasa ciyawar da ta saba da wurin, a yi wa masu wucewa gadar katako, a hana motoci da babura hawa. Sharaɗinsa ɗaya ne, sai akwai busasshen yashi mai faɗi a gaba da iska za ta ɗebo, da fili a baya da tudun zai zauna. Inda aka riga aka baje tudun aka yi gini a kansa, wannan ƙofa ta rufe.

Hanya ta uku ta gaɓar laka ce, a ƙasashe masu zafi: bishiyoyin mangurof, waɗanda ke tsirowa a cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje. A nan nake so in daɗe, domin babu hanyar da ake yabo kamarta, kuma babu wadda aka fi ɓarnatar da kuɗi a kanta. Amfaninta tabbas ne. Saiwoyi da rassa suna karya igiyar ruwa, nazarce-nazarce sun nuna tsayin raƙumin ruwa na raguwa da kashi 13 zuwa 66 cikin 100 idan ya ratsa mita 100 na dajin. Suna kama laka ƙasa ta riƙa tasowa, ƙananan kifaye da jatan lande suna girma a cikinsu, kuma katanga tsufa take yi kullum, daji kuwa ƙarfi yake ƙarawa. A arewacin Biyetnam, ƙungiyar Red Cross ta fara dasa su a gaban ganuwar ƙasa tun 1994, ta kuma ba da rahoton cewa dala miliyan 1.1 da aka kashe a kan hekta 12,000 ta rage kuɗin gyaran ganuwa da kimanin dala miliyan 7.3 a shekara.

To ina gizo ke saƙar? Bayan tsunami ta 26 ga Disamba 2004, kuɗi suka kwararo, aka shiga dashe ba ji ba gani. Wani bincike na 2017 ya bi wurare 23 da aka yi dashe a Siri Lanka: a 9 daga ciki ko tsiro ɗaya bai rayu ba, 3 kacal ne fiye da rabin abin da aka dasa ya tsira. A Filifin ma an ƙiyasta cewa kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ne suka rayu daga dashen shekaru masu yawa. Dalilin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Akwai nau'in da 'ya'yansa dogaye ne masu tsini, ana tsinko su a soka a laka a wuce, mutum ɗaya ya dasa ɗaruruwa kafin azahar. Sauƙin nan ya sa shi ake dasawa ko'ina, har a wuraren da ba nasa ba. Ana kuma zaɓar buɗaɗɗen fili can gaba cikin ruwa, don babu mai shi, babu wanda za a yi rigimar ƙasa da shi. Amma mangurof ba ya rayuwa inda ruwa ke rufe shi mafi yawan yini. Wurinsa tsakanin matsakaicin ruwa ne da iyakar cikowarsa. Tsiron da aka soka ƙasa da nan zai nutse, ƙananan halittu masu ɓawo su manne masa, igiyar ruwa ta tumɓuke shi. Ainihin wurin dajin kuwa, sau da yawa an mayar da shi tafkunan kiwon jatan lande ko gonaki, kuma nan ne ba a son taɓawa.

Abin da masana suka koya shi ne, a gyara wa bishiyar wurin zamanta, ita za ta zo da kanta idan akwai iyayenta a kusa. A fasa bangon tsohon tafki ruwa ya riƙa shiga da fita yadda ya saba, a buɗe magudanar da hanya ta toshe. A Demak da ke tsibirin Java na Indunusiya, inda teku ya cinye ƙauyuka bayan sare daji, daga 2015 an kafa shingaye na sandunan gora jere biyu, aka cusa rassan itace a tsakani. Ruwa na ratsawa da lakarsa, amma ƙarfinsa ya karye, sai lakar ta kwanta a baya. Idan ta taru ta kai tsayin da ya dace, 'ya'yan mangurof da ruwa ke yawo da su sai su kama. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan aiki cikin manyan ayyukan farfaɗo da muhalli goma da ta karrama a 2022. Duk da haka Demak ta koyar da wani darasi mai ɗaci: ƙasar yankin nutsewa take yi saboda yawan zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma inda nutsewar ta fi taruwar laka sauri, shingen gora ba ya iya cim mata. Gorar ma ruɓewa take, sai ana canjawa. Kada kuma a yaudari kowa cewa siririn layin bishiyoyi zai tare tsunami ko babbar tumbatsar guguwa. Wannan sai daji mai faɗin ɗaruruwan mita zuwa kilomitoci, shi ma ragewa zai yi.

Inda akwai duwatsun murjani a gaban gaɓa, kare su ya fi komai. Wani nazari na 2014 ya nuna cewa suna karya kimanin kashi 97 cikin 100 na ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso. Hana fasa su da nakiya, hana haƙarsu don gini, da hana ƙazantar gari zuba a kansu sun fi dashen sabon murjani sauƙi nesa ba kusa ba, domin dashen na da tsada kuma zafin ruwa na shekara ɗaya na iya kashe shi.

Kwashe shara kuwa aiki ne mai kyau, amma kada a haɗa shi da maganin zaizaya. A gaɓar Versova ta Mumbai, lauya Afroz Shah ya fara tsintar leda da robobi a 2015, dubban mutane suka biyo shi, a watan Maris na 2018 aka ga 'ya'yan kunkurun teku sun ƙyanƙyashe a wurin bayan kusan shekara 20. Wannan da hannu aka fi yinsa. Injin share gaɓa da ke bi kowace safiya yana kwashe ciyawar teku da ruwa ya turo, tare da yashin da ke manne da ita da irin tsirran da za su kafa sabon tudu. Leda ce shara, ciyawar teku ba shara ba ce.

Saura hanyar da ba mai son ji: a matsa wa teku. Tana da fuska biyu. Ta farko ita ce a hana gini kusa da ruwa tun kafin a yi shi. Dokar gaɓar teku ta Faransa ta 1986 ta hana gini a cikin mita 100 daga ruwa a wuraren da ba su riga sun zama gari ba. Wannan ba ya cin ko buhun siminti ɗaya, abin da yake ci shi ne tsayuwar hukuma a gaban masu kuɗin da ke son gini a bakin ruwa. Ta biyu ita ce janyewa bayan an riga an zauna. A Medmerry da ke kudancin Ingila, a da kowane hunturu katafiloli kan tura tsakuwa su gyara ganuwar gaɓa, duk da haka ruwa ya fasa ta a 2008. Sai aka gina sabuwar ganuwar ƙasa mai tsawon kilomita 7 can ciki, a 2013 aka fasa tsohuwar da gangan, teku ya shiga ya mayar da hekta 183 fadamar gishiri. Aikin ya ci fam miliyan 28, ya kare gidaje fiye da 300, tsuntsaye da kifaye suka samu wuri. A Amurka, a 1999, hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Cape Hatteras ɗungurungum aka ɗora a kan dogo aka ja ta kusan mita 880 cikin ƙasa. Amma gona da hasumiya daban, gari daban. Mutanen Vunidogoloa a Fiji da suka koma kan tudu a 2014 sun bar kaburburan iyayensu, masunta kuma suka yi nisa da ruwan da suke ci daga gare shi. Ƙaura irin wannan ba ta yin kyau sai da yardar mutanen, da diyya ta gaskiya, da filin da aka tanada tun ruwa bai shigo ɗaki ba. Wadda aka yi bayan bala'i, cikin tantuna, ita ce mafi tsada da ciwo.

Da ni aka tambaya, zan fara da duba abin da ke bayan gaɓar. Idan tashar jiragen ruwa ce, ko tashar lantarki, ko tsakiyar birni mai dubban gidaje da ba su ɗaukuwa, a yi ganuwar duwatsu a gangare, a amince cewa an sayar da gaɓar yashin wurin sai dai in za a riƙa zuba mata, a kuma sa kuɗin garuruwan gaba cikin lissafin aikin. Idan garin da gaɓar yake ci, baƙi ke zuwa dominta ko masunta ke jan kwalekwale a kanta, katanga za ta kashe abin da ake son karewa, yashi da tudu ne nasa, muddin akwai tabbatacciyar hanyar biyan zubi na biyu da na uku. Gaɓar laka mai ruwa a kwance ta mangurof ce, da ƙaramar ganuwar ƙasa a bayan dajin idan akwai gidaje. Gonaki da filin da gini bai yi yawa ba, ja da baya ya fi, kuma yau ya fi gobe araha. Sau da yawa gaɓa ɗaya mai kilomita goma tana buƙatar uku daga cikin waɗannan a wurare daban-daban, shi ya sa shawarar ba ta mai fili ɗaya ba ce, ta duk waɗanda yashi ɗaya ke ratsawa ce.

Ko wacce aka zaɓa, a fara awo kafin a fara aiki. Turaku da aka kafa a bayan gaɓa, da igiyar awo, da mutum biyu masu rubuta nisan ruwa daga kowane turke duk wata, da hoto daga wuri ɗaya, sun isa su nuna cikin shekara biyu ko gaɓar tafiya take ko kuwa kai-komon damina da rani ne kawai. Tsofaffin masunta sun san inda ruwa yake shekara 30 da suka wuce, a tambaye su, a haɗa da tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam. A takardar kwangila kuma a rubuta wanda zai biya gyara bayan an tashi daga aiki, da wanda zai auna gaɓar maƙwabta na tsawon shekara biyar aƙalla. Idan dashe ne, a biya a kan bishiyoyin da ke raye bayan shekara uku, ba a kan adadin da aka soka a laka ranar biki ba.